Shayin da Connie Spiteri Ta Zuba wa Baƙo

Duk unguwar Kellet babu wanda bai san cewa idan Oktoba ta kama, Connie Spiteri ba ta iya zama wuri ɗaya ba. An gama kakar wasan ƙwallon ƙasar, irin wadda ake cafewa da hannu a buga da ƙafa, an ɗauke kofi, mutane sun koma shuka tumatir a bayan gida, ita kuwa a lokacin nata tashin hankalin ke somawa. Makon musayar 'yan wasa ke nan, lokacin da manyan kulob ke kulle kansu a ɗaki suna cinikin 'ya'yan mutane kamar awaki. Rediyo ɗaya a kicin, ɗaya a aljihun rigar girkinta. Ta ɗora ruwan zafi ta manta, ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta leƙa titi ta dawo ba ta san abin da ta fita nema ba.

Tana 'yar shekara shida jirgin ruwa ya sauke su a Melbourne daga Malta. Kafin ta iya gaisuwa da Turanci maƙwabciyarsu ta ɗaura mata gyalen ulu ja da fari a wuya, ta ce daga yau ke 'yar kulob ɗin Kellet ce. Shi ke nan, magana ta ƙare. A nan mutum yana iya sauya aiki, ya sauya coci, har miji ma a sauya, amma ba a sauya kulob. Ta yi aikin masaƙa har aka rufe masaƙar, ta auri Charlie direban tarago, ƙaramin jirgin ƙasan da ke yawo a titunan gari, ta haifi 'ya ɗaya da ta yi aure can Brisbane. Da Charlie ya rasu gidan ya yi mata girma, sai kulob ya tambaye ta ko za ta riƙe musu yaro ɗaya daga cikin sababbin da ake ɗaukowa daga nesa. Ta ce a kawo na wata shida. Yau shekara ashirin da wani abu ɗakin baya bai taɓa zama babu kowa ba. Kowane yaro ya zo, za ta saƙa masa gyale ja da fari da hannunta, kuma kowannensu Nana yake kiranta.

Na yanzu shi ne Jed Marwick, ɗan masu kiwon shanu daga Tasmania. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar kicin, kuma aikinsa a fili shi ne tsalle a tsakiya ya doko wa 'yan'uwansa ƙwallo idan alƙali ya buga ta da ƙasa. Shekara uku yana gidanta, alhali sauran da sun yi ɗaya suke kama haya da abokai. Shi ke yanka mata ciyawa, shi ke kai ta coci, shi ne kuma ya ɗauke ta kamar jaririya ya sa a mota ranar da ta zame a banɗaki. Matsalarsa ɗaya, a gabansa akwai Moroney, wanda ya riƙe wurin tsalle a babbar ƙungiya ya ƙi tsufa ya ƙi jin ciwo. Don haka Jed na rukuni na biyu, inda ake buga wasa da hantsi a gaban iyaye da karnuka. Connie ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Ran Litinin tana murza ƙullin fastizi, ɗan gashin fulawa na mutanen Malta, ta ji mai rediyo ya ce Port Arlen ta Adelaide na zawarcin Jed Marwick. Port Arlen! Masu kore da baƙi, waɗanda suka ƙwace wa Kellet kofi a shekarar da Charlie ke kwance, har ya mutu bai daina zaginsu ba. Ba ta ko wanke hannu ba ta zari jaka ta hau taragon da ke bi ta gaban kulob.

Mai tsara wa Kellet 'yan wasa, wanda ke cewa a ɗauki wane a saki wane, shi ne Brett Hanrahan. Duk ginin tsoronsa ake ji, ban da Connie, don shi ne yaron farko da ya kwana a ɗakinta na baya, kuma ta san yadda ya riƙa kukan kewar gida cikin matashi. Ta tura ƙofar ofis ɗinsa yana kan waya biyu.

"Ajiye su," in ji ta.

"Nana, don Allah, ina tsakiyar..."

"Na ce ajiye. Tun kana cin abinci da hannu biyu na san ka. Nawa suka ba ka a kan yarona?"

Brett ya kife wayoyin ya shafa sanƙonsa. "Lamba ta talatin da ɗaya a layin da kulob-kulob ke bi su zaɓi sababbin yara. Zauna mana, ga gari a goshinki."

"Lamba! Mutum guda mai ƙafa da hannu za ka bayar a ba ka lamba? Kai ko kunya ba ka ji?"

"Ni ban kai shi kasuwa ba, su suka zo. Dogayen 'yan tsalle sun cika ƙasar nan, Nana, ba tsallensa kaɗai suka biyo ba. Halinsa suka saya. Mutuminsu ya ce ya samu shaida daga bakin da ba ya ƙarya." Ya dube ta ta ƙasan ido. "Wai wata dattijuwa mai fulas ɗin shayi, a filin rukuni na biyu, cikin sanyin Yuli."

Connie ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna.

Ta tuna shi sarai. Wani tsoho ne cikin kwat ruwan toka, zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, wuyansa babu gyale, kansa babu hula, babu launin kowa a jikinsa. Yaron goye a garin nan ya san mutumin da ya zo kallon ƙwallo babu launi ba kallo ya kawo shi ba, ɗan leƙen asirin wani kulob ne. Ita kuwa, mai shekara sittin da wani abu a bakin fili, tausayinsa ta ji. Ta ce Allah sarki, ko matarsa ce ta mutu babu mai saƙa masa. Ta zuba masa shayi, ta ba shi fastizi biyu. Ya ce wancan dogon fa, ɗan wa ne? Ai kuwa kamar ya buɗe famfo. Ba ya sha, ba ya yawo, da kansa yake gyara gado. Gwiwar da aka yi wa aiki ta warke tas, ita ke ƙirga masa motsa jiki a falo. Ranar da aka ƙi sa shi a babbar ƙungiya bai zagi kowa ba, fita ya yi ya wanke mata tagogi. Tsohon yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla, har ya nemi ƙarin shayi.

"Ni na sayar da shi," ta ce a hankali. "Da shayina."

"Kin yi masa talla dai," in ji Brett. "Amma kwantar da hankalinki, cinikin ba zai faɗa ba. Yana da sauran shekara a kwantiragi, sai ya ce e da bakinsa, shi kuma ya ce a'a. Sau uku wakilinsa na kiransa."

Wani sanyin daɗi ya ratsa ta, har ta fara tattara jaka. Sai ta lura Brett bai yi murmushi ba.

"Mene ne kuma?"

"Can shekara uku suka ba shi, kuma shi ne na farko a tsakiya. Nan kuwa Moroney ya ƙara sa hannu a sabon kwantiragi. Baɗi war haka ni zan kira Jed cikin ɗakin nan in ce masa mun gode." Ya ɗauki waya ɗaya ya juya ta a hannu. "Kin tuna lokacin da kulob ɗin Perth suka neme ni na ƙi? Na ce ina zan sami irin miyarki. Wasa bakwai na buga a rayuwata, Nana. Ba na ce laifinki ba ne. Amma kin tambaye ni abin da ya sa ya ƙi, ko ba ki tambaya ba?"

Ba ta tambaya ba, kuma ba ta tsaya jin amsa ba. Ta bar taragon ya wuce ta taka da ƙafa, ta bi ta gaban mahauci ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta shiga coci ta fito ba ta ko durƙusa ba. Haushin tsohon mai kwat take ji, da haushin Brett, da na Moroney da ya ƙi tsufa, amma duk inda ta juya haushin sai ya dawo kanta. Tana son yaron nan ya zauna, wannan ita ce gaskiyar, kuma ta san in ta yi shiru zuwa yammacin Laraba da za a rufe ciniki, zai zauna ɗin.

Ta yi shirun kuwa ranar Talata. Ta dafa masa zomo da jar miya, abin da sai Kirsimeti take yi, ta zauna tana kallonsa yana ci. Shi bai ɗauko zancen ba, ita ma haka. Cokali uku ta kai baki ta tashi ta hau goge murhun da ta riga ta goge.

Da safiyar Laraba ta same shi kan tsani yana kwashe ganye daga indararo. Ta shiga ɗakin baya, ta jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ta ja shi har tsakar gida ta yar a gindin tsanin.

"Sauko."

Jed ya leƙo. "Nana, lafiya? Akwatina ya yi miki wani abu?"

"Sauko na ce, zanƙalele kawai. Me ya sa ka ce wa mutanen nan a'a?"

Ya sauko yana goge hannu a wando. "Ba na son Adelaide. Ruwansu ma ba daɗi."

"Ƙarya kake, ko zuwa ba ka taɓa yi ka kwana ba."

"To kore ba ya yi mini kyau."

"Babu abin da ke yi maka kyau, da waɗannan ƙafafu kamar na tsani. Faɗa mini gaskiya."

Ya dubi ciyawa. "In kika sake faɗuwa fa? Sabon yaron da za su kawo miki ɗan sha takwas ne, ko ƙwai bai iya soyawa ba. Wa zai ji ki?"

Maganar ta taɓa ta har ta kama tsanin. Amma muryar da ta fito ta masifa ce.

"Au, ɗan jinya aka kawo mini? Uwarka ta tatsi shanu shekara goma sha takwas don ka zo ka tsare tsohuwa a banɗaki? Na ga yara sun fi ashirin a ɗakin can. Na san wanda ya zo da ƙwallo a jininsa, na san wanda ya zo cin abinci. Ɗaya na riƙe da miya, yanzu ga shi can da sanƙo yana sayar da mutane. Ba zan yi na biyu ba."

"Nana, Port Arlen ce fa. Baba Charlie zai juya a kabari."

"Ya juya, ya daɗe a kwance ta gefe ɗaya. Ina wayarka?"

Ya fito da ita, amma ya tsaya yana kallonta, idonsa ya kawo ruwa. Ta ce in ya yi mata kuka a tsakar gida maƙwabta na gani, da tsintsiya za ta bi shi. Ya juya baya ya kira wakilinsa. Ita kuma ta shige kicin ta buɗe famfo da ƙarfi don kada ta ji lokacin da zai ce e.

Rana ba ta faɗi ba mai rediyo ya sanar: Jed Marwick ya koma Port Arlen, Kellet ta karɓi lamba talatin da ɗaya. Masu shirin suka ci gaba da gardamar wa ya ci riba. Connie ta kashe na kicin, ta ciro na aljihu ta kashe. Tun da aka fara kawo mata yara, ba ta taɓa jin gidan nan shiru haka a watan Oktoba ba, kuma shirun bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Washegari ta je shagon ulu na Maureen, wadda ta ɗauko mata ja da fari tun kafin ta ƙaraso kanta.

"Mayar," in ji Connie. "Kore da baƙi."

Maureen ta cire tabarau. "Connie Spiteri, ke ce ko wata? In kira miki likita?"

"Ki kira wa kanki. Dunƙule shida, yaron wuyansa dogo ne, kuma an ce iskar bakin ruwansu ba ta da mutunci. Ki sa mini a leda biyu, kada wani ɗan gulma ya gani a tarago."

Ta dawo gida ta zauna a kujerar Charlie, ta juya hotonsa ya fuskanci bango, ta ce masa ya yi haƙuri na kwana huɗu ne. Jirgin Jed ranar Litinin zai tashi. Daga ɗakin baya tana jin yana buɗe durowa yana rufewa, ita kuma ta lanƙwasa koren zaren a yatsa ta fara, tana saƙa tana kuskure tana warwarewa, don idonta ya ƙi ganin allurar sosai.