Sakinatu Mai Tagogi

Sakinatu Yahya 'yar manoman rani ce. A wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Watari aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan take har yau. Tun tana ƙarama, in aka aike ta kai abinci gona, sai ta tsuguna bakin fangali da tsinke tana zana gonar a ƙasa. Mahaifinta Malam Yahya ya lura da haka. Da ta gama sakandare ya kai ta Kano ta karanci zanen gini da taswira. Ta dawo da takardar shaida da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ba ya wuce minti arba'in. Mijinta Khalilu, mai gyaran injin ban ruwa, shi ya haɗa mata sola a kan kwanon ɗaki.

Shaguna take zanawa, da gidaje, wani lokaci ajin Islamiyya. A manhajar da take aiki da ita, zane guda ɗaya ake yi, da ainihin awonsa. In za a buga, sai a buɗe shafin takarda a yanka masa murabba'ai, ta kowanne ana leƙen zanen nan ɗaya, wani daga nesa, wani daga kusa. Malamanta biyufot suke ce wa kowane murabba'i. Ita taga take cewa.

Bara manoma goma sha huɗu suka shirya jawo bututu daga rijiyar burtsatse zuwa gonakinsu, don ruwan madatsa ba ya kai musu. Suka ce Sakinatu ta zana. Kwana shida ita da Khalilu suna awo. Ta fitar da takarda mai taga biyu. A ta farko ana ganin gonakin duka, ƙanana ƙanana. A ta biyu ta jawo gonar Malam Basiru kusa, saboda a nan bututun zai rabu gida uku, kuma masu haƙa na bukatar su gan shi sosai. Aka manna takardar a bangon shagon taki.

Washegari da hantsi sai ga sallama a zaure. Baba Nababa ne, manomin albasa, sa'an mahaifinta, ya ɓamɓaro takardar ya naɗe ta a hannu.

"'Yar Yahya, me na yi miki?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Dubi gonata, ko ƙwayar gyaɗa ta fi ta. Dubi ta Basiru, ta cinye rabin takarda. Gonar da na ninka sau biyu! Jiya a majalisa har Sarkin Noma ake kiransa."

Sakinatu ta danne dariya, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗauko kwamfuta.

"Baba, in kana cikin ɗaki ka leƙa ta taga ka hango saniya a bakin rafi, kamar me take?"

"Kamar akuya."

"In ta zo jikin tagar fa?"

"Sai ta toshe ta. To ni saniya na tambaye ki?"

Ta nuna masa gonar Basiru a taga ta farko, 'yar mitsitsiya kusa da tasa. Ta nuna masa ita a ta biyu. Sannan ta koma kan asalin zanen ta ja ɗan layi a gefen gonar. Da ta dawo shafin takarda, layin ya fito a tagogin biyu lokaci ɗaya.

"Ka gani, Baba? Gona ɗaya ce. Tagar ce ta matso."

Ya shafa gemu. "To matso min da tawa."

Ta yanka sabuwar taga, ta sa hannunsa a kan linzamin kwamfutar, ta ce ya murza ɗan tayan da ke jikinsa da yatsa. Ya murza a hankali. Gonarsa ta fara kumbura. Fangulan albasa suka fito, sannan wata da'ira a kusurwa.

"Wannan fa?"

"Mangwaronka ne."

"Allahu Akbar! Har shi kika auna?"

Daɗi ya kama Baba Nababa. Tana juyawa ta ɗebo masa ruwa, ya zame zuwa taga ta biyu ya murza tayan baya da ƙarfi. Gonar Basiru ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma ɗigo.

"Yauwa," in ji shi. "Buga haka."

Sakinatu ta riƙe kai. Ta manta ba ta kulle tagar ba, ma'aunin girman zanen da ta daidaita don masu haƙa ya tashi. Ta maido shi ɗaya bisa ɗari, ta danna ɗan kwaɗon da ke ƙasan allo, ta ce masa ya sake murzawa. Ya murza, gonar Basiru ko motsi.

"Kin sa mata kwaɗo kenan."

"Na sa, Baba. In ba haka ba masu haƙa za su auna takarda su haƙa rami a tsakiyar albasarka."

Wannan ya shige shi. Ya miƙe ya ce a bar kwaɗon.

Ta buga masa takarda tasa shi kaɗai, gonarsa cike da shafi, da sunansa a ƙasa. A ranar ya kai ta majalisa, ya shimfiɗa kusa da takardar bututun, ya yi wa mutane bayanin taga kamar shi ya ƙirƙiro ta. Malam Basiru ya yi dariya har da hawaye. Kafin mako ya ƙare mutum tara suka zo neman tasu.

An shimfiɗa bututun kafin dashen albasa, ruwa ya kai gonakin duka. Yanzu har daga Kunci da Shanono ake kawo mata aiki, kuma ba ta barin kowa ya taɓa linzami sai ta duba kwaɗo.

Watan jiya Baba Nababa ya sake zuwa, da kwandon albasa a bayan babur. Rumbun ajiya yake so ta zana masa, da taga huɗu a takarda. Ta ce biyu sun isa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san aikin. Suka daidaita a kan uku.