Wa Zai Ja Wa Mai Barci Mayafi?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wannan watan, Allah Ya karɓi ran likitarmu mai sa majinyata barci a ɗakin tiyata, wadda babba da yaro ke kira Anti. Ni ce nas ɗin da ke miƙa wa likitan fiɗa kayan aiki, kuma a gefenta na yi furfura.

Anti, ba ki taɓa sa mutum barci ba sai ya faɗa da bakinsa aikin da za a yi masa, kowa yana ji. Ina tuna dattijon nan da 'ya'yansa suka ce ya yarda a yanke masa ƙafa. Kika sunkuya kika tambaye shi, ya ce, "Ai wanke gyambon za a yi, 'yata." Likitan fiɗa ya riga ya sa safar hannu, sai huci yake. Kika ce, "Likita, wuƙar taka ce, amma ni ba zan sa shi barci a kan ƙarya ba." Aka mayar da dattijon kan gadonsa aka gaya masa gaskiya. Ya sha kuka, daga baya ya dawo don kansa.

Wanda ya yi wa tumbin majinyaci dariya, komai girmansa, waje kike nuna masa. Mu ma ba mu tsira ba, kullum tsiya kike mana, wai mun iya wanke hannu amma mun bar baki da datti.

Tun da ciwo ya kwantar da ke, ɗakin ya canja. Ba a tambayar kowa komai, sauri kawai ake yi. Makon jiya na ga hasken kyamarar waya a kan wata baiwar Allah tana kwance ba mayafi, ana dariya ƙasa-ƙasa. Na yi magana, aka ce in ji da almakashina. Wallahi tsoro nake ji. Ranar Alhamis za a shiga da 'yata ɗakin nan, kuma ƙa'ida ta hana uwa tsayawa a kan aikin ɗiyarta. A benci zan zauna, ƙofa a rufe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta bayinSa. Maigidanki da 'ya'yanki da 'yan uwa, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Waɗanda za su rufe ido a ɗakin nan ba ke a kusa kuwa, Allah Ya tsare su daga hannunmu.