Shekara Sha Tara Usur Yana Wuyanka, Boeta Igsaan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Boeta Igsaan Galant, wato Yaya Igsaan a bakinmu, a gidansa da ke unguwar Grassy Park. Kafin la'asar muka kai shi makwancinsa, ana yayyafi.

Ni Moegsien Daniels ba na yabon mutum don kawai ya mutu. A aji uku na bar sakandare. Walda da kaina na koya, shagona da hannuna na kafa, 'ya'ya huɗu na tarbiyyantar, ban taɓa zuwa ƙofar wani neman alfarma ba. To in na ce akwai mutum guda da nake jin kunyarsa, a yarda da ni.

Boeta, kai ka ba mu bayan gidanka. Mita ashirin da biyar daga gindin lemo zuwa katanga, layi ɗaya tak, mu goma sha ɗaya muna bin juna da bindigogin iska. Duk Lahadi Tietie Rugaya, matarka, takan kwashe shanyarta tun da safe, ta kuma soya mana koesister, fanken nan mai zaƙi da kwakwa, mu ci da zafinsa kamar wani haƙƙinmu ne.

Dokar ƙungiyarmu ta harbi ita ce, mai riƙe da usur ba ya harbi a ranar. Shi zai sa ido kan katanga, shi zai busa a ajiye bindiga kafin wani ya tafi ciro takardar da ake auna harbi. Cewa muka yi karɓa-karɓa za a yi. Makon farko ka karɓa. Mako na biyu Dakta Fakier ya ce yana da sabuwar bindiga da zai gwada. Na uku ni ne na ce kafaɗata ta saki, kada a katse ni. Haka muka bar maka shi shekara goma sha tara.

Ba don ba ka iya ba. Na taɓa ganinka ka sare tsinken ashana daga gindin lemon nan, ka mayar da bindigar cikin jaka ba ka ko waiwayo ba. Idan muka tsokane ka, "Boeta, bindigar taka amarya ce ake ɓoyo?" sai ka ce, "Ku dai ku koyi samun takarda, ku bar wa lemona fatarsa."

Ranar da maƙwabcinka ya leƙo ta katanga neman tattabararsa, yatsan Dakta yana kan kunama. Kai kaɗai ka gan shi. Busa ɗaya ka yi. Mutumin yana nan da idanunsa biyu, shi ya riƙe ƙafar makararka.

Yanzu ƙungiya za ta koma babban fili a Philippi, Asabar mai zuwa za a ɗauke allon ƙarfe na sunayen zakarun gasarmu. Sunan Dakta sau biyar yake a kai. Nawa sau shida. Naka babu. Bayan addu'ar uku na tayar da maganar, a cikin falonka, shayin matarka yana hannunmu. Dakta, wanda shi ne shugaba, ya ce mini, "Haba Moegsien, allon na waɗanda suka ci gasa ne. Boeta bai taɓa shiga ba." Sauran suka sunkuyar da kai cikin kofuna. Yaushe zai shiga, mu muka hana shi? Ban cire kaina ba. Sau shida na karɓi kofi, ban taɓa miƙa hannu na ce kawo usur ɗin, je ka harba ba.

Allah Ya jiƙanka, Boeta, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mana abin da muka ci na haƙƙinka. Tietie Rugaya, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki Shafiek da Nuraan, Ya zama gatanku.

Ku kuma 'yan ƙungiya, ni na ƙera allon nan, na san kaurinsa. Kafin Asabar a rubuta Igsaan Galant a layin farko, sama da kowa. In ba haka ba zan zo da injina na goge nawa guda shida, ku kai shi Philippi da ramukansa, duk wanda ya tambaya ku ba shi amsa da bakinku.