Kazar da Ta Kame Jirgin Baba Nathaniel

Duk unguwar Lokuwa babu wanda bai san Baba Nathaniel mai ƙera bokiti ba. Ɗan manoman ƙauyen Sahuda ne, ya shigo gari da ƙuruciya, ya auri Dorathy, suka haifi 'ya ɗaya, Miracle. Bai taɓa ganin teku ba, ko iyo bai iya ba, amma ka taɓo masa zancen jirgin ruwa, to ranar ka yi sallama da aikinka.

Wata tsohuwar kalanda ce ta jawo. A jikinta akwai hoton jirgin yaƙin Turawa na kusan shekara ɗari biyu, irin wanda iska ke turawa, ga igwa jere a gefe. Ɗalibai masu haya a unguwar suka karanto masa tarihin. Abin da ya fi burge shi, wai lokacin yaƙi sarki kan ba mai jirgi takarda ya je ya kamo jiragen abokan gaba, abin da ya kama ya zama nasa. Kullum sai ya nanata wa Dorathy cewa mai takarda ba ɗan fashi ba ne, har kunnenta ya gaji.

Shekara shida yana ƙera nasa da ragowar kwano, tsawonsa kamar gado. Ya rantse in mayo, wato kogin garin, ya cika da damina, shi da kansa zai shiga. Dorathy ta yi magiya, ta yi fushi, ta kira fasto, duk a banza. Tsoro ya hana ta cin abinci.

Ranar tafiya da safe ya yaye buhun da ya rufe jirgin, sai ga kaza kwance kan ƙwai goma tana hararar sa. Dorathy ta miƙo masa takarda da hatimin mai unguwa: an ba kazar izinin kame jirgin.

Ya karanta, ya yi dariya har da hawaye. Da ya ɗago, sai ya ga ita ba dariya take ba.

"Baban Miracle," in ji ta, "in jirgi ya nutse, a ƙera wani. Kai fa, wa zai ƙera min?"

Sai ya mayar da buhun a hankali don kada kazar ta firgita.

Jirgin na nan a tsakar gida, an ƙyanƙyashe tsaki a ciki sau bakwai. Baba Nathaniel kan yi alfahari cewa har yau jirginsa bai rasa ko mutum ɗaya ba.