Ranar da Aka Cire wa Motar Baba Kabureta

Da mantuwa ta kama Baba, sunayen jikokinsa ne suka fara tafiya, sai hanyar masallaci. Daga baya har ni, 'yarsa ta fari da na dawo gida ina jinyarsa, yakan zuba min ido kamar baƙuwa. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga kansa, motarsa.

Tsohuwar mota ce fara, ta girme ni. Da ita ya yi haya tsakanin Lafiya da Keana, yana kwaso mata masu gishiri ranar kasuwa. Kullum da hantsi zai fito tsakar gida, ya buɗe bonet, ya cire murfin kabureta, ya ɗiga mata fetur daga wata kwalba, sannan ya shiga ya ja cok yana tattaka totur. In ta tashi sai ya kara kunne yana murɗa wani ɗan sukuru har ƙarar ta daidaita. A wannan lokacin kaɗai nake samun ubana. Zai ɗago ya kira sunana, ya tambayi makarantar da nake koyarwa, har ya yi min faɗan na rame. Wani lokaci hankalin nan yakan kai mu azahar kafin ya gushe.

Sai wata rana hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Ƙanena da ke aiki a Abuja yana jin labari ya zo.

"Yaya, motar nan za ta ƙone gidan nan da Baba a ciki," in ji shi.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da gaskiya. Wayoyin duk sun bushe, kina taɓawa robar na marmashewa, ko'ina ɗaurin tef. Ga shan mai, ga fetur ya yi tsadar da ya yi. Ranar asibiti kuwa sai mun roƙi maƙwabta sun tura mu. Ya ce ya samo wani mai rewaya, wato mai aikin wayoyin mota, a hanyar Doma. Zai sake wayoyin gaba ɗaya, ya cire kabureta ya sa injekta irin ta motocin yanzu.

Na ce, "Wayoyi na yarda. Amma don Allah ka bar masa kaburetarsa. Ita ce ke dawo da shi."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ƙarfe ne zai dawo da mutum? Ke malama ce, bar mana harkar mota."

Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Shi yana zuwa ne ya kwana ya koma. Ni ce ke wanke Baba, ni ce ke ganin fuskarsa kowace safiya. Na yi magana har na gaji, ya yi kunnen ƙashi. Ranar da muka je asibiti a tasi aka zo aka janye motar.

Makonnin da ta yi a waje, Baba yakan fito da kwalbarsa ya tsaya inda baƙin mai ya ɓata ƙasa. In ce masa tana gareji, sai ya gyaɗa kai. Tsohon direba ne, ya san mota takan je gareji ta dawo.

Ban iya haƙuri ba, na hau acaɓa na je na gani. An zaro mata tsofaffin wayoyi an tara a gefe kamar hanjin akuya. Mai rewayar, mutumin kirki ne, ya nuna min sababbin a naɗe tsaf, da famfon mai da ya sa a tanki, da wani ɗan akwati da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar injin.

"Madam, wannan mota yanzu kana taɓa makulli zai tashi. No wahala."

Na ce, "Ina kaburetar da ka cire?"

"Ai oga ya ce ba amfani. 'Yan gwangwan sun ɗauka."

Na juya na koma gida.

Ranar da aka dawo da ita ƙanena sai washe baki yake. Ya murɗa makulli, ta tashi nan take, ba tari ba hayaƙi, ƙarar ƙasa-ƙasa. Aiki kam ya yi kyau, ba na musu. Baba ya fito da kwalbarsa, fuskarsa a sake, ya shafa gefen motar, ya buɗe bonet. Hannunsa ya tafi kai tsaye inda ya saba zuwa. Ya tarar da baƙar roba da bututu. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Ya tsaya da hannu a sama.

"Baba, yanzu ka huta," in ji ƙanena. "Ba sauran zuba mai, makulli kawai za ka murɗa."

Baba ya sunkuya ya kara kunne. Ya daɗe a haka. Sannan ya rufe bonet a hankali, ya goge wurin da ya taɓa da hannun rigarsa, ya juyo ga ɗan da ya haifa ya ɗan rusuna.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Na ɗauka tawa ce."

Kai! Ban taɓa ganin ƙanena ya yi kuka ba tun yana yaro sai ranar. Ni kuwa ko tausayinsa ban ji ba, Allah ya yafe min, haushi ne ya cika ni.

Ya yi ƙoƙari daga baya. Ya bi masu sayar da tsofaffin kayan mota har ya samo wata kabureta, mai rewaya ya ce zai iya mayarwa. Amma kafin nan Baba ya daina fitowa da hantsi. Na kama hannunsa na kai shi gaban motar, na ɗora masa kaburetar a tafi, ya jujjuya ta ya miƙo min, bai san ko mece ce ba. Sai muka bar injektar.

Motar ba ta sake ba mu matsala ba. Ita ta riƙa kai shi asibiti har daminar da ya rasu, kuma bai ƙara kiran sunana ba. Duk ranar da za mu tafi, sai ya tsaya a ƙofar baya ta motar ya ƙi shiga, ya ja mayafina.

"Baiwar Allah, shimfiɗa min zani tukuna. Motar mutane ce, kar mu ɓata musu kujera."

Sai in shimfiɗa masa, ya shiga ya takure a gefe, hannuwansa a cinya.