Fuskar Gwaggo a Takardar Kifi

Har gobe, in na ji ƙamshin soyayyen kifi naɗe a jarida, sai gabana ya faɗi. Ku matso, 'ya'yana, ku ji dalili.

Zamanin soja ne, ina ƙarama. A lokacin nan, in mutum zai ambaci masu mulki sai ya waiga hagu da dama, ko da daga shi sai akuyarsa a gida. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ce shugabar matan unguwarmu a Gaya ta Nijar. Doguwa ce, mai murya kamar ganga. Ita ta miƙe gaban su-firfe, wakilin gwamnati a yankinmu, ranar taro ta ce mata ma a yanka musu filin shinkafa a bakin kogi, tunda su ke dashe, su ke korar tsuntsu. Maza suka yi gunaguni, amma aka yanka. Daga ranar ta yi masoya, ta yi maƙiya.

Wata ranar kasuwa, shinkafa ta fara nuna, innata ta sayo kifi wurin wata mai ƙetarowa daga Najeriya. Muna warware takardar sai ga fuskar Gwaggo, man kifi ya jiƙa rabin kallabinta, tana tsaye kusa da wani mai babbar riga. Gidanmu babu mai karatun boko. Muka ɗauka girma ne ya zo mana. Aka rangaɗa guɗa. Kakata ta goge man da bakin zanenta, ta liƙa takardar da ƙaro a bangon zaure, inda duk mai wucewa zai gani.

Ta kwana biyu a wurin kafin mushen lakwal, malamin makarantar boko maƙwabcinmu, ya shigo gaida babana. Ya ɗaga kai ya karanta. Na ga leɓensa ya bushe.

"Malam, wa ya liƙa muku wannan? Kun gaji da zaman duniya ne?"

Ashe jaridar 'yan tsegumi ce. Mai babbar rigar nan ɗan siyasa ne da ya guje wa soja ya tsallake iyaka. A wani taron suna Gwaggo ta gamu da shi, suka gaisa kamar kowa, aka ɗauki hoto. Amma jaridar ta ce ita ke kai masa saƙo cikin buhun shinkafa, har da wata magana da bakina ba zai maimaita ba. Mu kuwa mun kafe ta a ƙofar gida kamar tuta.

Babana ya ɓamɓaro ta, ya nufi murhu. Kakata ta sha gabansa.

"Kul! Ba a ƙona fuskar mai rai. So kake ka kira mata ajali da hannunka?"

"Inna, jandarma fa!"

"Jandarma ne ya haifa min ita?"

Jefa ta masai ma bai yiwu ba, don ba mu sani ba ko akwai sunan Allah cikin rubutun. Ana wannan ja-in-ja, rana tsaka, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofa. Ba a kashe injin ba. Kakata ta fizge takardar ta jefa cikin turmin da innata ke dakan fura, ta yayyafa ruwa, ta ɗauki taɓarya. Suka shiga luguden daka, ita da innata.

Jandarma suka shigo ba sallama. Suka ɗaga katifu, suka leƙa rumbu, suka zazzage tukwane. Ɗaya ya zo ya tsaya dab da turmin, har ina jin warin takalminsa.

"Tsohuwa, me ake dakawa?"

"Fura, ɗana. Ka jira ka sha."

Ni dai fitsari ya zubo min a tsaye. Bai jira ba. Sai dai rashin takardar bai ceci kowa ba, don rabin gari ya riga ya gani a bangonmu. Gwaggo ta fito daga ɗaki da mayafinta, ta dube ni ta ce, "Ki kore min tsuntsu." Aka sa ta a mota zuwa Dosso, babban birnin jiharmu.

Da la'asar kakata ta dama furar nan ta miƙa wa kowa ludayi.

"Ku shanye. Ba a zubar da fuskar 'yata a ƙasa."

Muka sha, tana ɗaci, muna kuka ba sauti.

Sai da aka gama girbi aka sako Gwaggo. Ta rame, muryarta ta dushe, kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗi abin da aka yi mata ba. Matan da ta samo wa fili ta ƙofar baya suke zuwa yi mata barka, ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, da aka sake kiran taro, ta miƙe.

Yanzu jikata na karanta min littattafan nan na 'yan leƙen asiri, harbi nan, gudu can, wai shi ne ban tsoro. Bana kuma ta ce za ta tsaya takarar konseye, wato kansila, har an fara yawo da hotonta a waya da maganganun banza a ƙasa. Ban hana ta ba, jinin Gwaggo ne. Amma duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidan nan, kafin in sani, na riga na miƙe tsaye.