Sabulun da Inna Ta Jefa

Shekara talatin Kawuna ya yi yana aikin injin niƙa, har ƙarar ta cinye masa kunne. Da kansa yake cewa, "Na niƙa hatsin mutane, inji ya niƙa kunnena, ba wanda ya ci wani." Tun da ya kurmance baki yake karantawa, kuma duk gidan nan bakina ya fi ganewa. In baƙo ya zo sai ya ce, "A kira min Kunnena." Har sunan ya bi ni.

Yana da tsohuwar rakoda wadda aka ɗaure murfinta da roba, da kaset guda da ya rubuta wa "Wanki" a jiki. Matarsa ce a ciki, Inna, Allah ya jiƙanta, tana waƙa tana wanki, ya ɗauke ta ba ta sani ba. Kullum in ya taso aiki, gari har a gira, sai ya wanke hannu, ya ƙure sauti, ya ɗora tafinsa a kan sifika. Wai muryarta na yawo a tafinsa kamar kiyashi. Kusa da ƙarshe akwai wata ƙara, dum, mu a zatonmu tsufan kaset ne.

Wata rana Yayana ya ɗauki kaset ɗin a ɓoye, wai zai kai a juye shi a waya. Na'urar shagon ta tauna zaren, ta yi gutsi-gutsi da shi. Ya dawo da na wata mawaƙiya mai siririyar murya, ya miƙo min biro.

"Ke kika iya rubutun Kawu. Rubuta 'Wanki' a jikin wannan."

"Yaya, wannan ai cin amana ne."

"Kurma ne fa, Malama mai wa'azi! Me zai ji? Ko so kike zuciyarsa ta buga?"

Na rubuta. Har datti na goga wa takardar don ta tsufa.

Da la'asar Kawu ya kunna, ya ɗora hannu, ya jima. Ya ɗago ya zuba wa bakina ido. "Kunnena, ita ce kuwa?"

"Ita ce, Kawu," na ce, a hankali, yadda zai karanta da kyau.

Kwana uku yana juya kaset ɗin gaba da baya. Ran na huɗu ya kira ni ɗakinsa.

"Ina sabulun?"

"Wane sabulu, Kawu?"

"Da ta gane ina ɗaukarta, dariya ta yi, ta jefi rakodar da sabulu. Nan yake bugun hannuna, dum. Shi nake jira kullum." Ya buɗe tafin ya duba. "Kwana uku ina cewa hannun ma ya kurmance. Na yarda hannuna ya yi ƙarya, amma ban da bakinki."

Na durƙusa na faɗa masa komai. Ban san iya abin da ya gani ba, don bango yake kallo.

"Kaset ai abin lalacewa ne, 'yar nan," in ji shi. "Da kin faɗa min, tare za mu yi kukan."

Bai yi wa Yaya faɗa ba. Ni ma bai taɓa ɗaga min murya ba. Yana amsa gaisuwata, yana sa min albarka. Amma yanzu takarda da biro ne a aljihun rigarsa. Jiya na je gaya masa an yi baƙi, na tsaya daidai inda haske zai faɗa a fuskata, kamar da. Ya miƙo min takardar, idonsa a ƙasa.